Wata goma sha huɗu da sarbon Delta ASDA-B2 a kan injin yankan leda

Aikina gyaran wutar injina ne, a wani ƙaramin kamfanin leda da ke Sharada a Kano. Injinan yanka da liƙi huɗu muke da su, kuma ɗaya daga ciki ya hana ni sakat kusan shekara guda. Tsohon inji ne, jikinsa garas, ƙarfe mai kauri irin na da, amma moton da ke jan ledar sitefa ne, wato moton da ke juyawa taku-taku gwargwadon adadin da aka ce ya yi. Duk wanda ya yi aiki da sitefa ya san halinsa. Ka ce ya yi taku dubu takwas, in nauyi ya yi masa yawa sai ya tsallake ɗari bai faɗa maka ba, don shi kansa bai san ya tsallake ba. Ƙarfinsa kuma raguwa yake yi in gudu ya ƙaru. Sai ka ga leda ɗaya ta fito daidai, mai bi mata ta gaza da milimita biyar, ta uku kuma wuƙa ta sauka a kan tambarin mai kaya. In ledar ba rubutu a jikinta ana iya kau da kai. Amma ledar burodi mai tambari, mai gidan burodi dawo maka da kayanka zai yi, kuma da gaskiyarsa.

Ranar da aka dawo mana da buhu shida na je wurin maigida. Na ce, "Ranka ya daɗe, injin nan ba gyara yake so ba, moto za a canza masa." Ya tambayi kuɗin, na faɗa, ya yi shiru. Sai na kai shi bayan ɗakin injina na nuna masa tulin ledar da ta lalace a mako biyu, wadda ke jiran a niƙa. Washegari ya ba da kuɗi.

Abin da na sayo shi ne sarbon kamfanin Delta na ƙasar Taiwan, samfurin ASDA-B2 mai kilowat 1.5, tare da motonsa na jerin ECMA mai juyi 2,000 a minti. Bambancin sarbo da sitefa yana bayan moton. Akwai wata ƙaramar na'ura da ake kira enkoda, wadda ke ƙirga juyin sandar moton tana sanar da akwatin sarrafawa, wato dirayib. A wannan samfurin tana raba juyi ɗaya gida 160,000. Dirayib kullum yana gwada inda aka ce moto ya kai da inda ya kai ɗin, in da gibi ya ƙara wuta ya cike. In gibin ya fi ƙarfinsa sai ya tsaya ya nuna lambar ƙorafi a fuskarsa. Wannan kaɗai ya isa dalilin saye a wurina, domin injin da zai tsaya ya ce ya gaza ya fi wanda zai yi ta zubar maka da kaya.

Akwai dalilin da ya sa na tsaya a kilowat 1.5, kuma ina so masu niyyar saye su riƙe shi da kyau. Jerin B2 ya kama daga wat 100 zuwa kilowat 3, dukansu kuma na volt 220 ne. Har zuwa 1.5 za ka iya ba shi wutar layi ɗaya, irin ta soket. Amma mai kilowat 2 da mai 3 layi uku suke so, layi uku na volt 220. Mu kuwa layi ukun da ke shigowa kamfanoninmu wajen volt 400 ne. Mutum zai ga R, S, T a jikin dirayib ya ce ai ga wurin layi uku, ya jona kai tsaye. Na ga wanda aka yi wa haka a wani wuri, ko daƙiƙa ɗaya bai yi ba ya tashi aiki. In dole sai babba, to a sa taransifoma mai sauke 400 zuwa 220 a cikin lissafi tun farko, ko a nemi samfurin da aka ƙera don volt 400, irin wanda Siemens ke da shi a jerin V90.

A wani shago na Sabon Gari na saya. Kayan sun zo a kwalinsu, lambar jikin moto ta dace da ta dirayib, har da fulogin CN1, mashigar wayoyin umarni a jikin dirayib, mai ƙafa 44 wanda kai za ka yi wa soda da kanka. Mai shagon ya haɗa ni da wani injiniya da ke zuwa saiti, kuɗinsa daban. Da farko na so in ce a bar shi, tunda na saba da inbata, wato akwatin da ke sarrafa gudun moto na yau da kullum, na ɗauka duk tafiyar ɗaya ce. Allah ya sa ban yi gardama ba.

Ɗaura moton ya ci mana yini guda, saboda sai da aka kai farantin zama wurin masu injin sassaƙa ƙarfe aka buɗe ramuka, aka kuma yi wa fulin da bel ke hawa sabon rami daidai kaurin sandar. Injiniyan ya iso ya tarar yarona ya ɗauko guduma zai buga fulin ya shiga. Ya riƙe hannunsa ya ce, "A'a ƙanena, wannan ba moton famfo ba ne. Abin da ke bayansa ba ya son duka." Da sukurun da ke bakin sandar aka ja fulin a hankali har ya zauna.

Da muka ba shi wuta karon farko, fuskar dirayib ta nuna AL013. Gabana ya faɗi, na ce ko mai matsala aka ba mu. Ashe haka kowane sabo yake yi. Daga kamfani an ware ƙafafu uku a CN1, ɗaya na maɓallin tsayawar gaggawa, biyu na iyakar gaba da iyakar baya, kuma an tsara su ne a kan sai wuta tana ratsa su kafin moto ya yarda ya motsa. Tunda ba a jona komai ba, dirayib ya ɗauka an danna gaggawa. AL014 da AL015 su ne na iyakokin biyu. Faramita uku, wato gurabun saiti na cikin dirayib, ke riƙe da su, P2-15 da P2-16 da P2-17.

A nan na fara ganin mutuncin injiniyan. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su mayar da duka ukun sifili, ƙorafi ya ɓace, a ci gaba da aiki. Shi ya kashe biyu na iyaka, tunda rolar da ke jan leda zagayawa take yi ba ta da ƙarshe, amma ya ƙi taɓa na gaggawa. Ya sa na ja waya daga jan maɓallin da ke gaban injin har zuwa CN1. Na ce masa ai maɓallin yana yanke kontakta mai ba injin wuta, ya isa. Ya ce, "Malam, in ɓera ya ci wayar nan da dare fa? Yadda aka tsara ta, in ta tsinke injin tsayawa zai yi. In ka kashe ta a faramita, ita ma kontaktar ta ƙi yankewa, ranar da hannun yaro ya shiga rola za ka danna ka ga ba komai." Yaran da ke kwasar leda a bakin injin nan hannunsu bai fi taƙi ɗaya daga wuƙa mai zafi ba, awa takwas suna tsaye. Ina roƙon duk wanda zai sa sarbo kada ya kashe P2-17 don gudun jan waya mita uku.

Bayan nan ya cire bel, ya gwada moton shi kaɗai ta P4-05, inda ake juya shi da maɓallan jikin dirayib a hankali. Ya juya sumul, ba ƙara, sai dai ta baya yake yi. Hannuna har ya kai kan wayoyin U da V zan musanya su kamar yadda muke yi wa moto na yau da kullum. Ya ce kada in soma. A sarbo jerin U, V, W a ɗaure yake da abin da enkoda ke gani, in ka juya biyu moton fizga zai yi ya kawo ƙorafi. A cikin P1-01 ake juya alkibla, faramitar da ke zaɓar irin aikin, ko na matsayi, ko na gudu, ko na ƙarfin murɗa. Mu na matsayi muke so. Ya canza lamba ɗaya, ya kashe wuta ya kunna, don wannan faramitar ba ta kamawa sai an sake kunnawa, moto ya koma gaba.

Sai wurin da na fi so in daɗe a kai, don shi ne zuciyar aikin. Kwantirolar injin ba ta san mun canza moto ba. Ita dai bugun siginal take aikawa, bugu ɗaya taku ɗaya, da wata waya mai cewa gaba ko baya. Tsohon sitefa yana cika juyi ɗaya da bugu 3,200. Rolarmu kaurinta milimita 100 ne, zagayenta ya kama 314 ke nan, kuma moto yana juyi biyu kafin rola ta yi ɗaya. Ashe juyin moto ɗaya yana jan leda milimita 157. Don a sami leda mai tsawon 400, kwantirola tana aika bugu dubu takwas da ɗari da wani abu.

Muka mayar da bel, muka zura leda, na rubuta 400, na danna. Rola ta yi ɗan motsi kamar an taɓa ta, ta tsaya. Na sa ruwla na auna, milimita goma sha uku ba ta cika ba, faɗin yatsa ɗaya. Mai kula da injin ya dube ni, na dubi injiniya. Shi kuwa ya ɗauko guntun kwali da biro ya tsuguna a ƙasa. Ya ce a cikin dirayib akwai abin da ake kira giyar lantarki, lamba biyu ce, ta sama a P1-44, ta ƙasa a P1-45. Duk bugun da ya shigo ana ninka shi da ta sama a raba da ta ƙasa. Daga kamfani 16 ne a kan 10, wato sai an aika bugu 100,000 kafin moto ya cika juyi ɗaya. Mu kuwa dubu takwas muka aika. Ya rubuta 160,000, ya raba da 3,200, ya fito 50. Ya sa dirayib ya saki moton, ya sa 50 a sama, 1 a ƙasa. Na sake dannawa, leda ta fito fit, ta tsaya cak, wuƙa ta sauka. Kwalin nan yana manne a cikin ƙofar fanel har yau.

Wannan lissafin yana da wata fuska da ba a cika lura da ita ba. Ƙananan PLC, wato kwantirolar da ake rubuta wa umarnin tafiyar da inji, da yawa ba sa wuce bugu dubu 100 a daƙiƙa. In ka bar giyar yadda ta zo, moton da aka ƙera don juyi 2,000 a minti ba zai wuce 60 ba, komai ka yi. Na sha jin ana cewa an sayi sarbo amma ba shi da gudu, kuma na tabbata rabin masu wannan kuka ba su taɓa buɗe P1-44 ba. Haka kuma a duba ƙarfin siginal ɗin kwantirola kafin a yi soda. In na volt 24 ne, akwai ƙafar da aka rubuta wa PULL HI don shi. In ka kai 24 kai tsaye ƙafar bugu ba rezista a tsakani, ka ƙona mashigar.

Da muka auna leda hamsin a jere, duk tsawonsu ɗaya, amma 397.6 maimakon 400. Da sitefa ba za mu taɓa gane wannan ba, don kullum tsawon yawo yake yi. Muka auna rolar da ma'aunin kauri, ashe robar jikinta ta cinye, ta koma 99.4. Maimakon a taɓa kwantirola, sai ya mayar da giyar 503 a kan 10. Leda ta cika 400.

Abin da ya rage shi ne daidaita riƙo, wato ƙarfin da dirayib ke sawa wajen cike gibi. Dirayib yana bukatar sanin nauyin abin da yake juyawa in an gwada da nauyin cikin moton kansa, wannan adadin yana zaune a P1-37. Injiniyan ya haɗa laftof ɗinsa ta mashigar CN3, ya buɗe manhajar ASDA-Soft, wadda kyauta ake saukewa, ya bar injin yana ja yana tsayawa har adadin ya daina rawa. Namu ya tsaya a wajen ninki shida. Daga nan ya riƙa ɗaga P2-31 kaɗan-kaɗan. Kowane ƙari, sai layin da ke nuna gibi a laftof ya ƙara kwanciya. Can sai bel ya fara wani siririn kuka kamar na sauro, in ka dafa jikin moto kana jin tsuma a tafin hannu. Ya ce mun wuce gona, ya ja baya, ya kunna P2-47 mai neman muryar girgizar ya danne ta. Kukan ya ɗauke. Ana iya yin duk wannan da maɓallan jikin dirayib, amma fuskarsa harafi biyar kawai take nunawa, kana lalube ne. Wanda zai riƙa wannan aiki ya nemi kebul ɗin kwamfuta tun ranar da ya sayi kaya.

Ba zan ce tun daga ranar ba mu sake ganin ƙorafi ba. Mun gani sau uku, kuma kowanne ya koya mini abu.

Na farko AL011, na enkoda, a mako na biyu. Yana zuwa ne jefi-jefi, galibi in hitar liƙi ta kama. Kebul ɗin da ya zo da moton bai kai fanel ba, sai mai shagon ya ba ni wanda ya ce an ƙara masa tsawo. Da na yanke tef ɗin da aka naɗe mahaɗar, na tarar an ƙulla wayoyin ciki amma ragar ƙarfen da ke lulluɓe su a yanke take, ba a haɗa ta ba. Ragar nan ita ke kare siginal daga hayaniyar wuta. Ni ma da nawa laifin, don na kwantar da kebul ɗin a hanya ɗaya da wayoyin hita. Wannan ne kaɗai abin da na riƙe wa shagon, kuma da na koma na nuna masa bai yi musu ba, ya sa aka kawo mini cikakke daga Legas. Na raba masa hanya da wayoyin wuta, na kuma sake kafa sandar ƙasa, domin tsohuwar ta yi tsatsa kuma ƙasar wurin ta bushe ƙamas. Tun daga nan AL011 bai dawo ba.

Na biyu AL005, lokacin da maigida ya ga injin ya miƙe ya ce a ƙara gudu. Duk sanda moto ya taka birki, ƙarfin juyin rola komawa yake yi wuta ya dawo cikin dirayib, akwai kuma ɗan rezista a ciki da ke ƙona ta ta zama zafi. Injin da ke tsayawa sau ɗari da wani abu a minti ya fi ƙarfin wannan ɗan rezistan. Muka cire gadar da ke tsakanin bakunan waya na P da D a jikin dirayib, muka sa babba na waje mai om 40 da wat 400 tsakanin P da C, muka rubuta adadin a P1-52 da P1-53. A wajen fanel na ɗaura shi, don yana zafin da ba a dafa shi.

Na uku AL003, ƙarancin wuta, wanda ke zuwa in wutar gari ta yi ƙasa ko ana komawa janareto. Wannan ba daga kayan ba ne. Na sa masa sitabilaiza nasa shi kaɗai.

Sai zafi da ƙura. Littafin ya ce dirayib yana aiki har digiri 55, amma in an wuce 45 sai da fanka, moton kuma 40 aka rubuta masa. Wanda ya san ɗakin injina mai rufin kwano a Kano cikin watan Afrilu, ga hitoci suna ci, ya san 45 ba abin mamaki ba ne a cikin fanel. Na huda ƙofar na sa fanka biyu da matata. Lokacin hunturu duk Asabar nake cire matatar in kakkaɓe, don ƙurar da ke taruwa a kwana bakwai sai ka gani da idonka. Bazara ɗaya da hunturu ɗaya sun wuce, bai taɓa tsayawa don zafi ba.

Yanzu injin yana yin leda 110 a minti ba tare da an tsaya a kansa ba, a da kuwa in mun wuce 70 sai ɓarna. Bambancin tsawo bai kai rabin milimita ba. Ƙarar ɗakin ma ta ragu, don sitefa gurnani yake yi ko yana tsaye, ga zafi, shi kuwa wannan in ba ja yake yi ba kusan ba ya shan wuta.

Akwai abin da B2 ba ya yi, kuma gara mutum ya sani kafin ya biya. Ba ya ajiye jerin matsayi a cikinsa ya tafiyar da kansa, dole sai da PLC ko kwantirola mai ba shi bugu. Wanda ke son wuƙar da ke bin leda tana yanka ba tare da an tsaya ba, ɗan'uwansa A2 ne ke da wannan. Akwai kuma sabon jerin B3 mai enkodar da ta fi wannan laushi nesa ba kusa ba. Na taɓa aiki da Yaskawa da Mitsubishi a injinan da suka zo da su daga waje, kaya ne na ƙwarai, amma kuɗinsu ya fi, kuma a nan samun wanda ya san cikinsu ya fi wuya. Abin da ya ja ni ga Delta shi ne in ka kira mutum uku masu wannan sana'a a Sharada ko Bompai ko Challawa ka ce AL013, da wuya a rasa wanda zai faɗa maka faramitar da ka. Littafinsa da Turanci yake, mai kauri, amma jadawalin ƙorafin da ke ƙarshensa a fili yake, na buga shi na rataye.

Farashi ba zan faɗa ba, don yana bin dala, abin da na biya bara ba shi ne na yau ba. Abin da zan ce shi ne a lissafa da kebul cikakke mai tsawon da ake bukata, da rezistan waje, da fanka, da kuɗin mai saiti. Kuɗin injiniyan nan bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kayan ba, ya yi yini biyu tare da mu, kuma bai ɓoye mini komai ba. Kafin ya tafi ya kwashe duk faramitocin ya sa mini a filashi, ya kuma sa na rubuta goma sha biyun da muka canza a littafina. Ya ce in wani ya sa 10 a P2-08, komai zai koma yadda ya fito daga kamfani, ranar nan littafin ne zai cece ni.

Injin na biyu, mai yin ledar shago, shi ma sitefa ne a jikinsa. Maigida ya ce bayan Sallah za a canza. Na riga na auna rolarsa, 79.6 ce, na kuma ƙirga haƙoran fulinsa. Wannan karon ni zan yi saitin, yarona yana riƙe da biro da kwali, injiniyan kuma ya ce zai leƙo ranar daidaita riƙo.